Mil nawa ya kamata gida ɗaya ya ɗauka a taswirar wasa?

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan'uwa da ke jagorantar wasan Dungeons & Dragons ga abokansa biyar, wasan tebur ne da kowane ɗan wasa ke riƙe da jarumi ɗaya a wata duniyar ƙage, jagora kuma yana tsara duniyar yana ba da labari. Ya zana nahiya guda a kan takarda mai gidaje masu kusurwa shida, ya sa kowane gida ya zama mil 24, domin littafin dokoki ya ce mai tafiya a ƙasa yana cin mil 24 a yini. Sai ya tarar daga birnin da aka fara wasa zuwa kangon da yake so a je akwai gida ashirin, wato tafiyar kwana ashirin. Idan ya tsallake tafiyar da magana ɗaya, duniyar ta koma kamar tsakar gida. Idan ya bi ta kwana-kwana, mutane su fara latsa wayoyinsu. Ga kuma gardama ta taso: 'yan wasan sun sayi dawakai, sun ce dole a rage kwanakin zuwa rabi. Yana son ya san wane ma'auni ne daidai, kuma ko da gaske doki yana ninka tafiya.

Ɗan'uwa, lissafinka bai yi kuskure ba, inda ka fara ne matsalar take. Ka fara da faɗin ƙasa, alhali a teburin wasa ba ƙasa ake aunawa ba, lokaci ake aunawa, da kuma yawan wuraren da 'yan wasa za su tsaya su yanke shawara. Taswirar da za ka shimfiɗa a gabansu agogo ce da aka zana da siffar ƙasa. Idan ka riƙe wannan, sauran duk za su biyo.

Bari mu fara da lambobin kansu, don ka ga inda suka fito. A bugu na biyar na wasan, wanda ya fito a 2014, yinin tafiya awa takwas ne. Tafiyar da aka saba mil 3 ce a awa, mil 24 a yini. Mai sauri mil 4 a awa, mil 30 a yini, amma hankalinsa ga abin da ke kewaye da shi yana raguwa da maki biyar. Mai tafiyar sanɗa mil 2 a awa, mil 18 a yini, kuma shi kaɗai ne zai iya ɓoye motsinsa. Ka ɗauki biro ka ninka da kanka: huɗu sau takwas 32 ne, ba 30 ba, biyu sau takwas kuma 16 ne, ba 18 ba. An ɗan lanƙwasa lambobin. Amma dubi abin da lanƙwasar ta haifar: 18, 24 da 30 duk suna rabuwa da shida ba saura. Gida uku, gida huɗu, gida biyar. A ganina wannan shi ne babban dalilin da ya sa gida mai mil 6 ya fi kowane zama daidai da wannan wasa, kuma littafin jagora na wannan bugun ma mil 6 ya ba taswirar masarauta, mil 1 ga ta lardi, mil 60 ga ta nahiya.

Wannan shidan tsohon gado ne. A bugun farko na 1974, Gary Gygax da Dave Arneson ba su ba da taswirar daji ba sam. Cewa suka yi a ari allon wani wasa na kamfanin Avalon Hill mai suna Outdoor Survival, a ɗauki kowane gida mil 5, mai tafiya a ƙasa ya ci gida uku a yini. A 1981 aka fitar da wani bugu na wasan mai suna Expert, wanda ya zo da wata hanya mai sauƙi: ka ɗauki lambar saurin da aka ba jarumi don tafiya a kogunan ƙarƙashin ƙasa, ka raba da biyar, ka sami mil nawa zai yi a yini. Wanda ba ya ɗauke da kaya yana da 120, wato mil 24. Da kaya ya ƙaru sai ya sauko 90, mil 18, sai 60, mil 12, har zuwa 30, mil 6. Duk 'ya'yan shida ne. Taswirar Greyhawk ta 1980 kuwa, wata duniyar ƙage ta wannan wasa, mil 30 ta ba kowane gida, amma ita an yi ta ne don a ga inda ƙasashe suke da iyakokinsu, ba don a bi ta taki-taki ba. Taswirarka 'yar'uwar wannan ce. Tana da kyau a rataye a bango, ba ta dace da tebur ba.

Me ya sa gida mai mil 24 yake kashe tafiya? Saboda ya haɗiye yini sukutum. Safiya ta yi, aka matsa gida ɗaya, dare ya yi. Babu inda za a ce ga hayaƙi can ta hagu, mu karkata ko mu wuce. Babu inda za a ce rana ta kusa faɗuwa, mu ƙara ƙaimi mu kai gada ko mu sauka nan bakin daji. Duk waɗannan shawarwari a cikin yini ake yin su, kai kuma ka cusa yinin cikin akwati ɗaya ka rufe. Sannan ka duba girman abin da ka rufe. Gida mai mil 6 daga gefe zuwa gefe yana da faɗin murabba'in mil 31 da ɗoriya. Idan ka ninka tsawon sau huɗu, faɗin yana ninkuwa sau goma sha shida, don haka gidanka ɗaya ya kusa murabba'in mil 500. Ka rubuta "daji" a kai ka wuce. A cikin wannan kalma ɗaya za a iya samun ƙauyuka da dama, da kogi, da kufai uku, da ƙabilar da ba ta taɓa jin sunan sarkinka ba.

Akwai wani dalili na biyu da nake ƙaunar gida mai mil 6, kuma shi ya shafi ido. Mutum mai matsakaicin tsayi, idan ya tsaya a fili shimfiɗaɗɗe, iyakar ganinsa kafin doron duniya ya lanƙwashe kusan mil 3 ne, wato kilomita biyar ba kaɗan. Ke nan wanda ya tsaya a tsakiyar gida yana hango gefunansa daidai. Wannan yana ba ka amsa nan take a duk lokacin da ɗan wasa ya ce, me muke gani? Suna ganin gidan da suke ciki. Idan suka hau tudu mai tsayin mita 100, ganinsu ya kai kusan mil 22, gida uku zuwa huɗu ta kowace fuska. Hasumiya mai mita 30 ana iya hango kanta daga mil 15. Dutse mai mita 1,000 a lissafi yana bayyana daga wajen mil 70, ko da yake hazo da ƙura sukan rage hakan sosai. A cikin kurmi kuwa duk wannan lissafi ya rushe, bishiyar gabanka ita ce iyakar duniya. Da zarar 'yan wasa sun gane cewa hawa tudu yana buɗe masu taswira, za ka ga suna neman tudu da kansu, suna ba da rabin yini don su sayi gani. Wannan ciniki, lokaci a bakin sani, shi ne zuciyar wasan daji, kuma a gida mai mil 24 ba ya yiwuwa.

A taƙaice kan siffar gidan, tunda wasu sukan tambaya me ya hana a yi amfani da murabba'i: a takarda mai murabba'ai, wanda ya bi ta kusurwa ya ci tazarar da ta fi ta gefe da kashi 41 cikin ɗari, a farashin taki ɗaya. A gida mai kusurwa shida duk maƙwabta shida nisansu ɗaya, kuskuren ƙirge kuma ba ya wuce kashi 15 ko 16 cikin ɗari. Shi ke nan dalilin.

Yanzu ga yadda abin yake a aikace. Ka ɗauka jarumanka suna sanye da sulke suna ɗauke da guzuri, suna cin mil 18 a yini. Dokar 1981 ta ce a kan hanya mai kyau ana ƙara rabi, a daji da tuddai da hamada ana cin kashi biyu cikin uku, a fadama da kurmi da duwatsu ana cin rabi. Ke nan mil 27 a hanya, 12 a daji, 9 a fadama. Daga gari zuwa hasumiyar da suke nema akwai hanya biyu. Babban titi ya zagaya ta bakin kogi, gida tara, mil 54, tafiyar kwana biyu cur. Ta yanke kuwa gida huɗu ne kacal, biyu daji, biyu fadama: yini ɗaya a dajin, yini ɗaya da sulusi a fadamar. A ido gajeriyar ta fi kusa da fiye da rabi, a ƙafa ta fi tsawo. Ƙari a kan haka, wannan dokar ta ce kowace rana a jefa dayis mai fuska shida don a ga ko an ɓata: a fili fuska ɗaya ce ke ɓatarwa, a daji biyu, a fadama uku. To wa zai bi ta fadama? Wanda ya san akwai dakarun sarki a kan gadar titin, kuma suna nemansa. Nan take teburin zai kaure da muhawara. Wani zai ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, wani ya ce wace lafiya ce a hannun masu neman kanmu. Minti ashirin za su yi suna wannan, kuma wasa ne mai daɗi, ba ka jefa masu dodo ko ɗaya ba. Ka ɗora wannan wuri a kan taswirarka ta yanzu, gari da gada da fadama da hasumiya duk sun faɗa gida ɗaya ko biyu, muhawarar ta mutu tun ba a haife ta ba.

Ni a teburina na daina lissafin kashi-kashi tuntuni, domin yana cin lokaci. Awa nake ƙirgawa. Gida mai mil 6 a fili awa biyu ne, a daji ko tuddai awa uku, a fadama ko dutse awa huɗu, a titi awa ɗaya da rabi kuma ba a ɓata. Yini yana da awa takwas na tafiya. Kowa a teburin yana iya wannan lissafi da yatsunsa, kuma idan awa takwas ta cika ana tsakiyar fadama, tambayar ko a ci gaba takan taso da kanta. Bugu na biyar yana da amsa mai kyau a nan: duk awar da aka ƙara bayan takwas, jarumi zai jefa dayis ya gwada ƙarfin jikinsa a kan lamba goma da ƙarin ɗaya ga kowace awa, wanda ya faɗi ya ɗauki matakin gajiya. Sauri ya haifi nawa, kuma dokar ta nuna hakan ba tare da ka yi wa kowa wa'azi ba. Don hawan dutse, idan kana son ƙarin daidaito, akwai ƙa'idar da wani mai hawan duwatsu ɗan Sukotilan, William Naismith, ya tsara a 1892: awa ɗaya ga kowane mil 3, da ƙarin awa ɗaya ga kowace ƙafa 2,000 da aka hau, wato kimanin mita 600. Masu yawon duwatsu har yau da ita suke kintata tafiyarsu.

Ka kuma raba tsakanin ratsa gida da binciken gida. Wanda ya ratsa murabba'in mil 31 a kan layi ɗaya bai ga ko rubu'insa ba. Abin da ke bayyane, kamar gari ko hasumiya ko kogi, ka ba su shi kyauta. Abin da ke ɓoye, kamar bakin kogo, sai an biya shi da awoyi ko an zo da ɗan jagora ko tsohuwar taswira. Da haka gida ɗaya zai iya ba ka wasa sau uku a lokuta daban-daban.

Sai maganar doki, wadda na san ita ta fi ci maka tuwo a ƙwarya. 'Yan wasanka suna da hujja daga wani ɓangare: a dokar 1981 dokin hawa yana da sauri 240, wato mil 48 a yini, ninki biyu na mai ƙafa. Amma a wannan littafin dai dokin yaƙi 120 yake da shi, daidai da mutum mara kaya. Bugu na biyar kuma, wanda kuke bugawa, bai ba mahayi yini mai ninki biyu ba. Abin da ya ce shi ne doki na iya sukuwa na kimanin awa ɗaya ya ci ninki biyu na tafiyar mai sauri, kuma sai idan ana samun sabbin dawakai kowane mil 8 zuwa 10 ne za a iya ɗorewa a haka. Wannan ya fi kusa da gaskiyar dabbar. Doki a tafiyarsa ta yau da kullum mil huɗu yake yi a awa, kaɗan ya ɗara mutum. Yana buƙatar awoyi na kiwo, yana shan ruwa ninkin-ba-ninkin na mutum, kofatonsa na lalacewa, bayansa na yin gyambo. Gaskiya ne akwai gasar Tevis a Amurka inda doki ke yin mil 100 cikin awa 24, amma dawakai ne da aka horar musamman, ba kaya a kansu, likitoci na duba su a hanya, kuma ba wanda ke sa su maimaita washegari.

Saurin da ake ji a tarihi saurin canji ne, ba saurin doki ɗaya ba. Masu kai wasiƙa na Pony Express a 1860 suna yin kusan mil 1,900 daga Missouri zuwa Kalifoniya cikin kwana goma, domin ana sauya doki kowane mil 10 zuwa 15, ana kuma sauya mahayin kansa. A kusan wannan zamani, iyalai masu keken shanu a hanyar Oregon, mai tsawon fiye da mil 2,000, suna shafe wata huɗu zuwa shida. Ƙasa ɗaya, zamani ɗaya, wani kwana goma, wani rabin shekara. Haka babbar hanyar sarakunan Farisa daga Sardis zuwa Susa: masanin tarihin Girka Herodotus ya ce tafiyar kwana 90 ce ga matafiyi, da masauki 111 a kanta, amma manzannin sarki masu miƙa saƙo daga hannu zuwa hannu suna gama ta cikin 'yan kwanaki. Darasin da ke nan ga mai tsara duniya yana da daraja: labari yana riga mutane isa. Idan sarkin da jarumanka suka saɓa wa yana da tashoshin dawakai, kafin su kai gari na gaba an riga an san kamanninsu a ƙofa.

Don haka ga hukuncin da zan yanke da ni ne a kujerarka. Ayarin da kowa ke kan doki, a kan titi ko fili, ya sami ƙarin gida ɗaya ko biyu a yini. A kurmi da fadama da dutse babu ƙari, wani lokacin ma dokin ne nauyi, sai an ja shi. Sau ɗaya a yini suna iya sukuwar awa ɗaya don tsere wa abokan gaba ko cin ma wani. Kaya ba sa rage masu sauri tunda dabba ce ke ɗauka, kuma wannan ita ce babbar ribar, domin mai sulke da zai yi mil 18 ko 12 ya koma yin 24 ko 30. Idan kuma akwai keken shanu a cikin ayarin, kowa ya koma tafiyar shanu, mil goma sha biyu zuwa goma sha biyar, komai tsadar dokin da yake kai. Ka faɗa masu wannan a fili kafin zama na gaba, ka kuma ba su damar mayar da dawakan idan sun ga ba su biya ba. Mutane ba sa ƙin doka mai tsauri, abin da suke ƙi shi ne dokar da ta faɗo masu bayan sun kashe zinariyarsu.

Amma ko ka gyara duk wannan, tafiyar kwana ashirin za ta ci gaba da zama fanko idan kwana bai da farashi. Nan ne yawancin jagorori ke tuntuɓe, suna tsammanin ƙarin dodanni a hanya shi ne magani. Ba shi ba ne. Faɗa na biyar da kyarkeci a hanya ɗaya gajiya ce kawai. Abin da ke sa kwana ya yi nauyi shi ne a san wani abu yana ƙarewa ko wani abu yana matsowa. Guzuri yana ƙarewa. Bugu na biyar ya ce mutum na buƙatar galan ɗaya na ruwa a yini, biyu a lokacin zafi. Galan ya haura fam 8 a nauyi, don haka ruwan kwana goma a hamada ya kai kilo 75 ga mutum ɗaya, ban da na dabbarsa. Wannan lamba kaɗai ta isa ta nuna maka cewa hamada ba a ratsa ta a miƙe, daga rijiya zuwa rijiya ake binta. Ibn Battuta a 1352 ya yi kwana 25 daga Sijilmasa zuwa Taghaza a hamadar Sahara, daga can kuma aka ɗebi ruwa don shiga wani yanki na kwana goma da ba kasafai ake samun ruwa ba, tafiyar duka zuwa Walata ta ci wata biyu. Abin da ke matsowa kuma shi ne lokaci: masu bin hanyar Oregon suna tashi a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ciyawa ta fito don shanu, suna tseren haye duwatsu kafin ƙanƙara ta rufe mashigai. Ka ba abokin gabar jarumanka kalanda. Ranar goma sha biyu zai isa kangon. Daga nan rabin yinin da aka kashe a hawa tudu ya zama caca ta gaske.

Wannan ya kawo ni ga abin da zan so ka yi da babbar taswirarka. Mutanen da ba su auna doguwar tafiya da igiya ba, da zango suke aunawa. Farsakh, ma'aunin nisa na Farisawa da Larabawa, asalinsa kimanin tafiyar awa ɗaya ne, kuma tsofaffin littattafan Larabci suna lissafa marhala, wato tafiyar yini, farsakh takwas. Taswirar hanyoyin Rumawa da ake kira ta Peutinger tsawonta ya kusa mita bakwai, faɗinta bai fi santimita 34 ba. An murɗe siffar ƙasashe gaba ɗaya, teku ya koma siririn zare, amma kowane masauki yana nan da nisan da ke tsakaninsa da na gaba, domin abin da matafiyi ke buƙata ke nan. Ka yi koyi da wannan. A kan nahiyarka ka ja layuka tsakanin manyan wurare, ka rubuta kwanaki a kan kowane layi, ba mil ba: kwana shida ta titin sarki, kwana huɗu ta kogi idan an sami jirgi, kwana tara ta mashigin dutse kuma a rufe yake da hunturu. A kowane layi ka sa zango biyu ko uku masu suna, kowanne da mutum ɗaya ko matsala ɗaya. Doguwar tafiya sai ta zama fage uku ko huɗu masu ma'ana, a cire guzuri, a matsa kalanda, a isa. Wasanni irin su Forbidden Lands, mai gida kilomita 10 da yini da aka kasa huɗu, sun ƙara wani abu da ya cancanci aro: kowane ɗan wasa yana da aikinsa a hanya, wani ja-gaba, wani mai tsaro, wani mai neman abinci, wani mai kafa sansani. Hannu biyar a kan dayis ya fi mutum biyar suna sauraron kai kaɗai.

Inda kuma wasan zai zauna ya daɗe, wato kewayen kangon ko kewayen garinsu, nan ne za ka yanko yanki ka zana shi da gida mai mil 6. Kada girman ya ruɗe ka. Gida ɗaya a tsakiya da zobe huɗu kewaye da shi gida 61 ne, tafiyar yini ɗaya zuwa biyu ta kowace fuska, kuma ya isa wasan watanni. Ba sai ka cika kowanne ba, ka sa abu a ɗaya cikin uku, sauran su zama numfashi. Mu masu zane muna yawan raina girman ƙasa. Ingila duka ba ta wuce irin waɗannan gidaje 1,600 da 'yan kai ba, kuma takarda ɗaya mai gida 30 a kwance da 40 a tsaye ta kai girman Fotugal. A Ingila ta ƙarni na 13, littafin shari'a da ake danganta wa Bracton ya ce kada a kafa sabuwar kasuwa ƙasa da mil shida da kashi biyu cikin uku daga wata, domin yinin tafiya mil 20 ne, a kasa shi uku: zuwa, ciniki, dawowa. Ke nan a ƙasa mai jama'a, kusan kowane gida ɗaya yana iya ɗaukar garin kasuwa da ƙauyukansa. Wannan ma'auni ne mai amfani ƙwarai: inda aka zauna lafiya, gari a kowane gida ko biyu, a bakin iyaka, ganuwa a kowane yini, bayan nan sai daji.

Ba mil 6 ne kaɗai ke aiki ba. Jerin labarin Kingmaker na wani wasa makamancin wannan mai suna Pathfinder, a 2010, ya yi amfani da mil 12, domin can ana mallakar ƙasa ne ana gina masarauta, gida shi ne yankin da ake ci da yaƙi ko a nome. Tomb of Annihilation, littafin labarin wasa na bugu na biyar da ya fito a 2017, ya ɗauki mil 10, gida ɗaya a yini a ƙafa, biyu a kwalekwale, domin kurmi ne mai cin mutum kuma ana so kowane yini ya zama gwagwarmaya. Kowannensu ya fara tambayar me ake so 'yan wasa su riƙa yankewa, sannan ya zaɓi lamba. Naka wasan na bincike ne da tafiya, shi ya sa na tsaya a kan gida uku zuwa biyar a yini.

Idan ba ka da lokacin sabon zane kafin zama mai zuwa, akwai gyaran minti ɗaya: ka goge 24 ɗin da ke ƙasan taswirar ka rubuta 6. Tafiyar kwana ashirin ta koma ta kwana biyar, nahiyar ta koma babbar ƙasa, duk garuruwa da kogunan da ka sha wahalar zanawa suna nan inda suke. Abu ɗaya kawai za ka duba shi ne yanayi. Digiri ɗaya na doron duniya daga kudu zuwa arewa kimanin mil 69 ne, don haka taswira mai gida 40 a tsaye yanzu ba ta kai digiri huɗu ba. Idan ka sa ƙasar ƙanƙara a sama da hamada mai zafi a ƙasa, sun yi kusa da juna fiye da kima. Ka ɗaga ta ƙanƙarar a kan tsauni mai tsayi, ka sa jerin duwatsu su tare wa hamadar ruwan sama, ko ka bar dalilin ya zama sihiri da jarumanka za su iya tono asalinsa a cikin kangon nan da kake son su je.